Ɓera ba ya cewa kansa na sarawa

A watan Afrilun 2025 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta sanar da shirin rage gwajin magunguna a kan dabbobi. Ciwon ɓarin kai na cikin cututtukan da ke nuna iyakar irin wannan gwaji.

Babu awon jinin da ke tabbatar da ciwon. Daga bakin mara lafiya likita ke gane shi: sarawar gefe guda, tashin zuciya, ƙin haske. Ɓera kuwa ba ya magana, sai dai masu bincike su yi hasashe daga motsinsa. A shekarun 1990 maganin lanepitant ya yi aiki a jikin dabbobi, amma ya gaza a jikin mutane. An kuma daɗe ana fifita ɓeraye maza wajen gwaji, alhali mata sun ninka maza kusan sau uku a wannan ciwo.

Ɓeran ɗakin gwaji bai san ƙishirwar azumi ba, balle hayaƙin baburan zemijan na Kwatano. Don haka mai ciwo a Zongo ya riƙa lura da ranakun da ciwon ke tasowa da abin da ke tayar da shi, ya kai wa likita, maimakon dogaro da ƙwayoyin bakin titi.