Hoton Ƙashi Ba Ya Nuna Zafi

Akwai jumlar da ya kamata a kore ta daga asibitoci da gidajenmu: "Ai ƙashin ya haɗe, raki ne kawai." Da ita ake sallamar wanda ya karye a wuyan hannu ko idon sawu, aka kwance masa ɗauri, amma gaɓar ta ci gaba da ƙuna kamar an kara mata garwashi, har taɓin riga ko iskar fanka su sa shi hawaye. Mai yiwuwa wannan bawan Allah yana fama ne da cutar da likitoci ke taƙaita sunanta da CRPS, wato matsanancin ciwon da ke kama gaɓa ɗaya bayan karaya, targaɗe ko tiyata, wanda zafinsa ya zarce raunin da ya jawo shi nesa ba kusa ba. Ta fi kama mata.

Cutar ba baƙuwa ba ce. Tun 1864 likita Silas Weir Mitchell ya bayyana irin wannan ƙuna a jikin sojojin da harsashi ya raunata wa jijiyoyi a yaƙin basasar Amurka. To, me ya sa har yau ake ƙaryata masu ita?

Dalili shi ne ba ta da fuska ɗaya. Yau gaɓar ta yi ja, ta kumbura, ta ɗauki zafi. Bayan wani lokaci ta yi sanyi, launinta ya dushe. Wani gumi ke tsattsafo masa a wurin, wani farcensa da gashinsa su sauya, wani kuma yatsunsa su ƙage ko su riƙa rawa. Wanda ya ga jan sai ya ce ƙwayar cuta ce, ya rubuta allurai. Wani ya ce sanyin ƙashi ne. Idan gwaje-gwaje suka fito lafiya lau, sai a ce damuwa ce. A gida kuwa a koma zancen sammu da iska, ko a mayar da shi wurin mai ɗori a ƙara ɗaure gaɓar tamau. Sauyawar alamu, wadda ita ce halin cutar, sai ta zama hujjar tuhumar majinyaci da ƙarya. Wannan zalunci ne.

Za a ce ai babu gwajin jini ko hoton da ke tabbatar da ita. Gaskiya ne, amma wannan bai zama uzuri ba. A 2003 masana suka yi taro a birnin Budapest suka tsara ma'auni mai rukuni huɗu: sauyin jin taɓi, sauyin zafi ko launin fata, kumburi ko gumi, da raunin motsi ko sauyin farce da gashi. Majinyaci ya faɗi alama a rukuni uku, likita ya gani da idonsa a aƙalla biyu, sannan a tabbatar babu wata cutar da ta fi dacewa da bayanin. Abin da ake buƙata kunne ne, da hannu, da haƙuri.

Sharaɗin ƙarshen nan yana da nauyi, domin kuskuren yana iya juyawa. Laƙaba sunan CRPS da gaggawa kan ɓoye gudan jini a jijiya, ko ruɓar ƙashi, ko ɗaurin da ya matse. Zazzaɓi, sarƙewar numfashi, ko yatsun da suka mutu a ƙarƙashin ɗauri, duk na zuwa asibiti ne nan take.

Jinkiri kuma yana da tsada. Gaɓar da aka daina motsawa saboda tsoron zafi ƙagewa take yi, alhali gashin ƙashi a hannun ƙwararru tare da maganin zafin jijiya sun fi amfani idan an fara da wuri.

Saboda haka, 'yan uwa, ku ɗauki hoton gaɓar da waya a gefen mai lafiyar duk lokacin da ta sauya, ku rubuta rana da abin da kuka gani, ku kai wa likita. Ku tambaye shi kai tsaye ko ya auna da ma'aunin Budapest, ku kuma nemi a tura ku wurin likitan ƙashi ko na jijiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ku fara gaskata majinyacinku tun daga gida.