Ƙwayar ciwon kai mai sa barci: sauƙi yau, wahala gobe

A kasuwannin Magariya da Dungas, da yawanmu in kai ya sara sai mu nufi mai tiren magani, mu haɗiyi abin da ya ba mu, ko sunansa ba mu tambaya. To, a yi hattara da ƙwayoyin dangin barbiturik.

A Amurka ana haɗa butalbital da farasitamol da kafeyin don ciwon kai. Ɗan'uwansa fenobarbital, wanda muka sani da Gardénal, ya fito tun 1912, kuma aikinsa tsayar da farfaɗiya. A hannun likita yana ceton rai.

Matsalar ita ce jiki yana sabawa da su. Mai shan butalbital kwana 10 ko fiye a wata, maganin da kansa ke dawo masa da ciwon kan. In ya daina farat ɗaya, jijjiga na iya kama shi. In ya haɗa da taramol ko giya, numfashi na iya tsayawa. Ga mata kuwa, Gardénal na rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa.

'Yar kasuwar da gyangyaɗi ya kwashe, wa zai tsare mata ciniki? Ciwon kan da ya ƙi tafiya, asibiti za a kai shi a auna hawan jini. Allah ya ba mu lafiya.