Kabu-kabu a hanyar Dakoro: Birkin yana hannun mai biyan kuɗin haya

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin hanyar da ta taso daga Tibiri ta nufi Dakoro a ranar cin kasuwa, ba sai an ba shi labarin abin da za mu yi magana a kai ba. Babur ɗaya, matashi a gaba har ya hau kan tankin mai, mata biyu a bayansa, ɗaya da goyo, ga buhun gero a ɗaure, ga jarka tana lilo a gefe, wani lokaci har da akuya a tsakiya. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya sa hular kwano, wadda muka fi sani da kaski. A haka za su gifta babbar motar shanu, a haka kuma za su komo bayan magariba da fitilar da ba ta fi ta ƙwai haske ba. Mun saba ganin wannan har ya daina ba mu tsoro, kuma wannan sabon shi ne babban haɗarin.

Tun farko muna son a fahimce mu, ba yaƙi muke yi da ƴan kabu-kabu ba. Su ne ke kai mai nono daga ruga zuwa kasuwa kafin ya yi tsami, su ne ke shiga ƙauyukan Kornaka da Sabon Mashi da Barmo inda mota ba ta zuwa sai ranar kasuwa, su ne ke ɗauko mai naƙuda cikin dare. Sana'a ce da ta rufa wa dubban gidaje asiri. Haka nan kwaltar da aka shimfiɗa tsakanin Tibiri da Dakoro da tallafin Bankin Raya Afirka alheri ce ga kowane ɗan kasuwa. Sai dai a zamanin da hanyar take rairayi, rairayin ne ke hana gudu, wanda ya faɗi kuma ƙasa ce mai laushi ke tarbarsa. Kwalta ta ba babur damar gudu, amma ƙoƙon kan mutum yana nan yadda Allah ya halicce shi.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1 da dubu 190 ne ke rasa rayukansu a hanya kowace shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce a kan gaba. Haɗarin hanya ne ya fi kowace cuta kashe masu shekara 5 zuwa 29, wato sa'o'in yaran da ke tuƙa mu. Hukumar ta ce kaski mai inganci, idan an ɗaure igiyarsa, yana rage haɗarin mutuwa fiye da sau 6, yana kuma rage raunin ƙwaƙwalwa da abin da ya kai kashi 74 cikin 100.

Ga wani lissafi da kowace ƴar kasuwa za ta gane. Babur mai gudun kilomita 80 a awa yana cin mita 22 a daƙiƙa ɗaya. Kafin mai tuƙi ya hango jaki ko amalanke ya taka birki, ya riga ya yi wannan tafiyar. Idan gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke buƙata ninkawa take yi sau 4. Wanda kuwa ya daki abu yana gudun kilomita 50 kacal, daidai yake da wanda ya faɗo daga tsayin kusan mita 10. Kowane buhu da aka ƙara a baya yana ƙara wa birki aiki, yana kuma sa tayar gaba ta rasa kamun ƙasa.

Daga Dakoro zuwa Maradi ya haura kilomita 100. Wanda kansa ya bugu a tsakanin garuruwan nan, kafin a sami motar da za ta kai shi babban asibiti jini ya riga ya taru. Idan Allah ya yi da sauran kwana, sai a shiga sayar da tumaki da gero, jarin da uwa ta yi shekaru tana tarawa ya ƙare a magani cikin mako guda, teburinta na kasuwa ya koma hannun wata. Sefa ƙalilan da aka rage wajen hawa babur mutum uku, su ne ake biya da raƙumi.

Wasu za su ce ai wannan aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, dokar hanya ta ƙasarmu ta tilasta sa kaski, ga kuma hukumar ANISER da aka ɗora wa kula da kiyaye haɗurra, ga jandarmomi a kan hanya. Amma idan ba a manta ba, a ranar 1 ga Janairun 2009 maƙwabciyarmu Nijeriya ta fara tilasta hular kwano. Me ya faru? A Kano an riƙa kama masu acaɓa sun kifa ƙwarya a ka don su yaudari jami'ai, fasinjoji kuma suka riƙa ƙin sa hular saboda jita-jitar asiri da tsoron cutar fata. Ba a daɗe ba dokar ta bi ruwa. A Kigali kuwa, babban birnin Ruwanda, mai babur ɗin haya da hula biyu yake yawo, tasa da ta fasinja, kuma fasinja ɗaya yake ɗauka, har abin ya zama jiki ga kowa. Darasin a fili yake: doka ba ta zama sai wanda ke hawa ya yarda da ita. Jandarma yana shinge ɗaya ne, fasinja kuwa yana kan babur daga tasha har gida.

Saboda haka, iyayenmu mata da ƴan'uwa ƴan kasuwa, maganar a wurinku take. Mu faɗa wa juna gaskiya, sau nawa mu ne ke ce wa yaro ya yi sauri kada kasuwa ta watse? Sau nawa muke taya kuɗin haya har sai ya ga ba zai fitar da kuɗin mai da na mai babur ba in bai haɗa mutum uku ba? Wanda ya matsa wa direba, da shi aka yi gudun. Kamar yadda ba ki sayen atamfa sai kin duba ta, haka ya kamata ki duba babur kafin ki hau: birki, fitila, madubi, da idon mai tuƙin. In kin ga alamar ya sha tiramol, ki bar shi ya wuce. Kada ku hau ku uku, kaya masu nauyi a ba motar kasuwa, a tattare hijabi da zane kada taya ta kama su, a kuma tashi daga kasuwa da sauran rana, musamman lokacin hunturu da hazo ke rufe hanya. Ranar da ƴan kabu-kabu suka ga mai natsuwa ne ke samun fasinja, da kansu za su rage wuta.

Mun san uzurin da ake kawowa. An ce kaski yana da zafi, amma zafin sa'a ɗaya bai kai jinyar shekara ba. An ce ba a son sa abin da wani ya sa, alhali a kan ɗankwali ko hijabi ake ɗora shi. An ce da tsada. To, matan da suka iya yin adashe suka aurar da ɗiya, ba za su kasa yin zubi ɗaya kowace ta mallaki nata ba. Masu shaguna kuma su ji tsoron Allah, su daina sayar da roba mai fashewa kamar ƙwai da sunan kaski.

Muna kira ga mahukuntan Dakoro da sarakunan gargajiya da ƙungiyar ƴan kabu-kabu su zauna su yi rajistar masu sana'ar, a sauƙaƙa musu koyon tuƙi da samun takarda, a hana yara ƙanana hawa babbar hanya. Jami'an tsaro su tsaya kan doka ba sani ba sabo. Malamai kuma su tuna wa jama'a a huɗuba cewa tawakkali bai hana ɗaukar mataki ba.

Kasuwa tana ci kowane mako, wanda ya makara yau zai iske ta gaba. Rai kuwa guda ne. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kai kowa gida lafiya, amin.