Tsakanin Mita 300 da Kilomita Biyu, Mu Ne a Wurin

Wani dare a teburin mai shayi a Gyadi-Gyadi, musu ya kaure tsakanin abokaina biyu. Ɗaya ya rantse cewa da AK-47 ana iya sauke mutum daga nisan kilomita guda, wai a fim ya gani. Ɗayan, gwanin PUBG a cikinmu, ya ce ƙarya ne, da harsashi ya wuce mita 200 shi ke nan ya yi sanyi, jifa da tsakuwa ma ya fi shi ciwo. Na yi shiru ina juya shayina. Dukkansu sun yi kuskure, amma kuskuren na biyun shi ne irin wanda ake biya da rai.

Bari mu fara da na farkon. Sojoji sun daɗe da gano cewa yaƙin ƙasa ba daga nesa ake yin sa ba. A Yaƙin Duniya na Biyu, Jamusawa sun lura cewa yawancin musayar wuta tsakanin sojojin ƙasa ba ta wuce mita 300 zuwa 400, sai suka rage wa harsashi tsawo suka ƙera StG 44. Tarayyar Sobiyet ta bi sahu da harsashi mai awon 7.62x39 a 1943, kuma a kansa Mikhail Kalashnikov ya gina bindigarsa, wadda sojojinsu suka karɓa a 1949. Amurka ma ta yi nata binciken: rahoton Norman Hitchman na 1952 ya nuna cewa harbin da ke samun mutum kusan duk a cikin yadi 300 yake faruwa, kuma da an wuce yadi 100 iya saitin soja yake fara zubewa. Sai da aka je tsaunukan Afganistan, inda ake harbi daga wannan dutse zuwa wancan, sannan aka koma neman bindiga mai cin dogon zango.

Me ya sa 300? 'Yan injiniya, ku ɗauko kalkuleta. Harsashin AK nauyinsa kimanin giram 8 ne, yana fita da gudun kusan mita 715 a daƙiƙa. Kafin ya ci mita 300 ya yi kusan rabin daƙiƙa a iska, kuma a wannan ɗan lokaci ƙasa ta janyo shi da fiye da mita ɗaya, shi ya sa dole a gyara saiti. Wannan mai sauƙi ne. Babbar matsalar hannun ɗan'adam ce. In bakin bindiga ya kauce da digiri ɗaya tak, a nisan mita 300 harsashi zai faɗa mita biyar daga inda aka nufa. A kilomita guda, mita 17. To ka ƙara da cewa mai harbin a tsorace yake, yana haki, ana ihu, ƙura ta tashi. Digiri ɗaya ma ai alfarma na yi masa.

Ka ga ke nan mita 300, wato tsawon filin ƙwallo uku, iyakar saiti ce. Bayan nan mai bindiga ba shi da tabbacin wanda zai samu. Amma shi harsashi ba ruwansa da wannan lissafi, tafiyarsa yake yi. In an ɗaga bakin bindigar, yana iya cin fiye da kilomita 2 kafin ya sauka, kuma a mafi yawan wannan tafiya yana da ƙarfin huda jikin mutum.

Yanzu ka tsaya a mahaɗar Gyadi-Gyadi ka zana da'irar kilomita 2 a ranka. Asibitin Malam Aminu Kano na ciki. Court Road na ciki, Hausawa na ciki, da wani yanki na Zoo Road. Makarantun Islamiyya nawa ne a nan? Gidaje nawa ne ake shimfiɗa tabarma a tsakar gida lokacin zafi? A fagen daga, harsashin da ya kuskure yakan ƙare a cikin yashi ko jikin dutse. A Tarauni babu fili irin wannan, duk inda ya sauka akwai mai wurin.

Ina firamare lokacin harin 20 ga Janairu, 2012, ranar Juma'ar da aka kai wa ofishin fasfo na Farm Centre da wasu ofisoshin 'yan sanda hari, aka rasa aƙalla mutum 185 a Kano. Abin da ban manta ba shi ne yadda mahaifinmu ya daka mana tsawa muka kwanta a kan siminti, ya hana kowa leƙa taga. A lokacin haushi na ji, ina so in gani. Shekara goma sha biyu bayan haka, ranar 1 ga Agusta, 2024, da zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe har aka sa dokar hana fita, da idona na ga samari sa'annina a saman bene da bakin titi, waya a hannu, suna ɗaukar bidiyo. Na ce wa wani ya sauko, sai ya ce, “Haba malam, ai suna can nesa, kuma sama suke harbawa.”

Wannan “sama suke harbawa” ita ta fi ba ni tsoro. Abin da aka cilla sama dole ya dawo. Gwaje-gwajen sojan Amurka tun wajen shekara ɗari da suka wuce sun nuna harsashin bindigar yaƙi da aka harba tsaye cak yana dawowa da gudun kimanin mita 90 a daƙiƙa, sama da kilomita 300 a awa ke nan, a kan ƙoƙon kai. Kuma wa ke harbi tsaye cak? A karkace ake yi, wanda shi ne mafi muni, domin harsashin bai rasa gudunsa duka ba. Kwanon rufi ba ya tare shi. Ƙofar mota ba ta tarewa, balle tamfol ɗin adaidaita sahu. Bulon nan namu mai rami ma kada ka ba shi amana. Sannan ga wani abu: a farkon tafiyarsa harsashi ya ninka sauti gudu, don haka in kana kusa, sai ya iso kafin ƙararsa. Maganar “in na ji zan kauce” ba ta ma taso ba.

Na san za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, kuma na yi imani da ƙaddara. Amma wanda ya hau bene kallon harbi, shi ya je wa tsautsayin har gida. Wasu kuma za su ce in ba a ɗauki bidiyo ba, wa zai ba da shaida in an yi zalunci? Wannan hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya: yawancinmu ba don shaida muke ɗauka ba, don TikTok ne.

Laifin kuma ba na 'yan kallo kaɗai ba ne. Duk mai ɗauke da bindiga a cikin gari, jami'i ne ko mai gadin wani babba, in ya saki wuta sama don a watse ko don a buɗe wa ayari hanya, ya harbi wani ne da bai gani ba. 'Yan sanda suna da ƙa'idar amfani da makami, Force Order 237, wadda aka sabunta a 2019. Ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu su nemo ta, su gayyato jami'in da zai zo ya yi mana bayaninta a bainar ɗalibai, mu yi masa tambaya a kan harbin sama ido da ido. Kuma a makon karɓar sababbin ɗalibai, a ware ko da minti goma a gaya musu abin da mahaifinmu ya gaya mana a 2012: in ka ji ƙarar, kwanta, nisanci taga, sa ginin kankare tsakaninka da inda take fitowa, wayar ta zauna a aljihu.

Gwanin PUBG ɗin nan namu, da na gama yi masa lissafin digiri ɗaya a bayan takardar burodi, ya daɗe yana kallon ta. Can sai ya tambaye ni ko gidansu da ke Hausawa yana cikin da'irar. Na ce masa yana ciki.