Burodi marar alkama: akwai masu saye a zango kuwa?

Duk mai shiga manyan kantunan Osu ko East Legon a Akra ya san akwai ɓangaren da ake jera biskit da taliya da garin kek masu ɗauke da rubutun cewa babu gulutin a ciki. Yawancinsu daga waje ake shigo da su, kuɗinsu kuma ya fi na irinsu na alkama nesa ba kusa ba. Yanzu maganar ta fara gangarowa zango. 'Yan matan da suka koyi gashin kek, da matan da ke da ɗan jari a hannu, suna ta tambaya ko lokaci ya yi da za a buɗe gidan burodin da ba ya taɓa alkama, wanda mai borin gyaɗa ko ƙwai ko madara zai shiga ya saya hankalinsa kwance. Maganar kasuwa ce, amma akwai ran mutane a cikinta, shi ya sa na ga ya kamata mu dube ta da kyau kafin wata ta kwashi kuɗin adashinta ta zuba.

Gulutin wani sinadari ne da ke cikin alkama da sha'ir da hatsin rai na Turai. Shi ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo, ya riƙe iskar da yis ke fitarwa, burodi ya tashi ya yi laushi. Ga mafi yawan mutane ba ya da wata illa. Amma akwai masu cutar da likitoci ke kira siliyak, waɗanda da zarar gulutin ya shiga cikinsu sai garkuwar jikinsu ta juya ta afka wa bangon ƙaramin hanji, abinci ya daina shiga jiki yadda ya kamata. Sai ka ga yaro yana ci ba ya girma, ciki a kumbure, gudawa ba ta ƙarewa, jini kullum ƙasa. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya gano alaƙar cutar da alkama a shekarun 1940. A lokacin yunwar da ta faɗa wa ƙasarsa ƙarshen yaƙin duniya na biyu burodi ya yi wuya, yaran da ke fama da cutar suka samu sauƙi, da burodi ya dawo ciwon ya dawo. Ana ƙiyasta cewa wajen mutum ɗaya cikin ɗari a duniya ke da ita, kuma mafi yawansu ba su san suna da ita ba. Maganinta ɗaya ne har yau, a bar duk abin da ke da gulutin har ƙarshen rayuwa.

An daɗe ana cewa ciwon Turawa ne. Wani bincike da aka buga a 1999 kan yaran Sahrawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya ya girgiza wannan zancen, don an samu cutar a jikin kashi 5.6 cikin ɗari na yaran da aka gwada, adadin da ya ninka na Turai sau da yawa. Ban ce haka abin yake a Nima ko Aboabo ba, don gado yana da hannu sosai a wannan cuta, jinsi kuma ya bambanta da jinsi. Abin da na ɗauka daga labarin shi ne, kasancewar mutum ɗan Afirka ba kariya ba ce, musamman in alkama ta zama cimarsa ta kullum. Mu kuwa ta zama. Shayi da burodi da safe, finkaso ko bofurot da hantsi, taliya a kan waakye da rana, Indomie da ƙwai da daddare. Kakanninmu ba su ci alkama haka ba. A wajensu abincin sallah ce da na biki, alkaki da funkaso.

To amma masu siliyak ɗin da asibiti ya tabbatar da su ba su da yawan da za su riƙe shago. Nan ne lissafin masu sha'awar wannan sana'a ke yawan karkacewa. Mutanen da ke cewa za su saya kala-kala ne, buƙatarsu kuma ba ɗaya ba ce. Akwai wanda burodi ke kumbura masa ciki bai taɓa gwaji ba. Akwai mai son rage ƙiba da ta ji a TikTok cewa alkama ce matsalarta. Akwai masu ciwon suga, kuma su ne suka fi ba ni tsoro, don da yawa sun ɗauka duk abin da ba alkama a ciki ya halatta gare su. Garin rogo da na farar shinkafa, waɗanda da su aka fi yin irin wannan burodi, suna ɗaga suga da sauri ba ƙasa da fulawa ba. Mai gidan burodin da ta bar dattijo mai suga ya riƙa saye bisa wannan zato ta cuce shi, ko da ba ta yi ƙarya da bakinta ba. Irin waɗannan masu saye kuma na ɗan lokaci ne. Ranar da suka ga farashi ya ninka na burodin suga da suka saba, za su koma inda suka fito.

Wani abu ga iyaye: in kuna zargin yaro yana da siliyak, kada ku yanke masa alkama kafin a gwada shi. Gwajin jinin da ake yi, da duban hanji da ke biyo baya, suna buƙatar a same shi yana cin alkamar, in ba haka ba sakamako zai iya fitowa lafiya alhali ba lafiya ba. A fara da likita, in ta kama a nemi a tura ku manyan asibitocin koyarwa irin su Korle Bu, Komfo Anokye ko na Tamale.

Ta fuskar tattalin arziki kuwa, akwai hujja mai ƙarfi ta rage dogaro da alkama. Gana ba ta noman alkamar kasuwa. Ta jirgin ruwa take zuwa, a niƙa ta a Tema da Takoradi, a biya da dala. Da Rasha ta afka wa Yukiren a Fabrairun 2022 farashinta ya tashi a duniya, sidi kuma ta faɗi a shekarar, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a watan Disamba. Kowa ya tuna yadda burodi ya ƙanƙance kuɗinsa ya ƙaru. Ga shi kuma ƙasar na noma rogo sama da tan miliyan 20 a shekara, Cibiyar Binciken Abinci ta CSIR ta daɗe tana aiki kan garin rogo mai inganci da za a gauraya da fulawa. Najeriya ta gwada tilasta saka kashi 10 cikin ɗari na rogo a zamanin Obasanjo, gwamnatin Jonathan ta sake tayar da maganar. Sai dai a kula, burodin da aka gauraya rogo a ciki har yanzu yawancinsa alkama ce. Yana rage kuɗin shigo da kaya, amma ga mai siliyak daidai yake da kowane burodi. Na ji mutane suna haɗa abubuwan biyu wuri ɗaya, haɗarin kuma a bayyane yake.

Shi kuwa burodin da babu alkama ko kaɗan, yin sa da wuya. In ka cire gulutin dole ka nemo abin da zai riƙe kwaɓin, galibi wani ƙaro da ake kira zantan ko garin ɓawon siliyom, su ma daga waje suke zuwa da dala. Burodin ba ya jure kwana, washegari ya bushe ya fara marmashewa. Wato dai ka gudu daga dala ka sake faɗawa hannunta.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke duban Turai alhali abin na gabanmu. Masa shinkafa ce ko gero. Koko gero ne, ƙosai da tubani wake ne, fura gero, tuwon zafi masara ko dawa, waakye shinkafa da wake. Acca da ake nomawa a arewacin ƙasar nan babu gulutin a cikinta, kamfanin AMAATI a Tamale ma ya gina sana'arsa a kanta. 'Yan uwanmu na Sudan da kisirar dawa suke rayuwa, Habashawa da injera ta tef, mutanen Burazil sun yi suna da ɗan burodin sitacin rogo da cuku. Matan zango ne ke riƙe da wannan ilimi a Gana, har ƙasa baki ɗaya ta san kokon da sunan Hausa koko. Yau ana ƙunsa garinsa a leda mai kyau ana sayarwa a manyan kantuna, kuma ina shakkar ko yawancin ribar tana komawa Sabon Zango.

Sai dai masar bakin titi, yadda ake yin ta yanzu, ba za a miƙa wa mai siliyak ido rufe ba. Wasu suna barbaɗa fulawa a ƙullun don ya kama. Injin niƙan unguwa yana niƙa wa kowa, yanzu gero, an jima gyaɗa. Man da aka soya finkaso a ciki shi ake juyewa a soya ƙosai. Ƙa'idar duniya ta Codex ta ce abincin da za a kira marar gulutin kada ya wuce miligiram 20 a kilo ɗaya, wato ɗan abin da ya maƙale a rariya ya isa ya ɓata buhu. Lemun malt da muke sha a walima saboda ba ma shan giya, da yawansa daga sha'ir ake yi. Ke nan ainihin abin da irin wannan gidan burodi zai sayar shi ne tsabtar kayan aiki: injin niƙa nasa na kansa, tanda tasa, rariya da ludayi da man da ba su taɓa haɗuwa da alkama ba. Nan kuɗin jarin zai tafi, ba wajen fentin shago ba.

Batun bori kuma ya fi wannan tsanani, don siliyak a hankali take cin mutum, borin gyaɗa ko riɗi kuwa na iya toshe numfashi cikin mintuna. Wata yarinya 'yar Ingila, 'yar shekara 15, Natasha Ednan-Laperouse, ta rasu a 2016 bayan ta ci burodin da ke da riɗi a ciki ba a rubuta a jikin ledar ba. Dalilinta aka yi dokar da ta fara aiki a Oktoban 2021, wadda ta tilasta rubuta duk kayan haɗi a jikin abincin da aka ƙunsa a shago. Mu da gyaɗa ke cikin ƙuliƙuli da dakuwa da yajin tsire da miya, alkawarin cewa “babu gyaɗa” nauyi ne babba. Ni shawarata, kada kowa ya rubuta cewa kayansa sun dace da duk masu bori, don babu kicin ɗin da zai iya cika wannan. A zaɓi abu biyu ko uku da za a iya hana su shiga gidan gaba ɗaya, a rubuta su, a kuma rubuta abin da ke ciki dalla-dalla, da Turanci da Hausa. Hukumar FDA, ƙarƙashin Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012, ita ke rajistar abincin da ake ƙunsawa, gara a je wurinta tun farko.

A ganina, buɗe shago a bakin titin Nima don sayar da kwaikwayon burodin Turawa asarar kuɗi ce. Wanda zai iya tsayuwa shi ne ƙaramin kicin mai aiki da oda, mai karɓar saƙo ta WhatsApp, yana yin masa da biskit ɗin acca da kek ɗin gero na suna da biki, yana ƙara hannu lokacin azumi. Manyan kuɗin za su fito daga unguwannin masu hali da otal-otal da makarantu, su ne za su ɗauki nauyin injin da tandar. Da wannan ribar ce za a iya sayar wa uwar yaro mai siliyak a Mamobi ko Asawase masar safe a kan kuɗin da ba su yi nisa da na mai masar layinsu ba.