Aikinmu Yana Cikin Kasafi, Amma Ina Kuɗin?

'Yan'uwa da dattawa, sau nawa wani ya miƙe bayan sujada ya sanar cewa an saka hanyar ƙauyenmu ko ɗakin shan maganinmu cikin kasafin kuɗin bana, muka yi tafi, shekara ta ƙare ko tifa ɗaya ta yashi ba mu gani ba? Mukan ce an cinye kuɗin. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa kuɗin bai ma shiga baitulmali ba tun farko.

Kasafin gwamnatin tarayya hasashe ne da ke zaune a kan duwatsun murhu uku: farashin gangar mai, yawan gangunan da za a haƙo a rana, da canjin dala. In ɗaya ya goce, tukunya ta karkace. A 2016 an yi lissafin ganga miliyan 2.2 a rana da dala a kan naira 197. Tsageru suka fasa bututu a Neja Delta, a watan Yuni kuma dala ta haura naira 280. A 2020 an sa ganga dala 57, cutar korona ta zo, aka sake rubuta kasafin a kan dala 28.

Annoba ba wanda ya san da zuwanta, ba mu ga laifin kowa a nan ba. Amma me za a ce da 2022, da aka rubuta ganga miliyan 1.88 alhali kowa ya san ana satar mai, har a watan Agusta ɗanyen man da ake haƙowa ya kasa kai miliyan ɗaya? Ko 2024, da aka sa dala naira 800, kafin Fabrairu ya ƙare ta wuce 1,500? Kuskuren da kullum yake faɗawa ɓangaren daɗin baki, a ganinmu, ya daina zama kuskure.

Mu ne muke shan wahalarsa. In kuɗin shiga ya gaza, albashi da ruwan bashi ake fara biya, rijiyar burtsatse da ajin makaranta su jira. In kuma an saki kuɗin a makare, ba ya isar ɗan kwangila sayen siminti da rodi. Ayyukan kasafin 2024 sai da aka ƙara musu wa'adi har zuwa Disamban 2025.

Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ta wajabta wa Ofishin Kasafi fitar da rahoton aiwatarwa duk wata uku. Matasanmu masu waya su nemo shi su karanta wa dattawa. Ranar da ɗan majalisa ya zo gaisuwa ya ce aikinmu yana cikin kasafi, mu yi masa godiya, sa'an nan mu tambaye shi nawa aka saki, ta wace ma'aikata, kuma a wane wata.