Afuwar da ba ta wanke Herbert Burden ba

A can gefen gabas na makeken lambun tunawa da matattun yaƙi da ke Alrewas, a yankin Staffordshire na Ingila, akwai farin mutum-mutumin wani yaro. An rufe masa ido da ƙyalle, hannuwansa a ɗaure ta baya, ga wani ɗan faifai rataye a ƙirjinsa don masu harbi su san inda za su auna. A bayansa tun farko an kafa turakun katako 306, kowanne ɗauke da sunan soja guda da shekarunsa da ranar da aka harbe shi. A gabansa itatuwa shida ne, a madadin masu riƙe da bindiga. An zaɓi gabas ne saboda nan hasken asuba ke fara sauka, kuma da asuba ake fitar da su.

Yaron da aka sassaƙa kamanninsa Herbert Burden ne, kurtu a rundunar Northumberland Fusiliers. Ya ƙara wa kansa shekaru ya shiga soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka tura shi bakin daga kusa da Ypres a Beljiyam. Kotun soja ta same shi da laifin gudu, aka harbe shi ranar 21 ga Yuli 1915, yana ɗan shekara 17. Ba a san inda kabarinsa yake ba. Sunansa kawai ke jikin ƙofar tunawa ta Menin da ke Ypres, cikin sunaye sama da 54,000 na waɗanda ƙasa ta haɗiye ba alama.

Abin da ya zauna a zukatan mutanen Birtaniya, ake kuma maimaita shi duk watan Nuwamba da ake tunawa da matattun yaƙi, shi ne an rufe wannan babi. An kafa mutum-mutumi a 2001, majalisa ta yi musu afuwa a 2006, an share wa dangi hawaye, magana ta ƙare. Ni ban yarda ta ƙare ba, kuma ina ganin wannan afuwar da ake yabo ita ce ma ta binne gaskiyar.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wajen jana'iza a garuruwanmu ya san yadda ake yi. Wani dattijo daga dangi zai miƙe ya ce: jama'a, a yafe masa, wanda ke binsa bashi ya zo a biya shi, wanda kuma mamaci ke bi ya kawo. Tambaya biyu ce, ba a yin ɗaya a bar ɗaya. Gwamnatin Birtaniya ta farkon kaɗai ta amsa. Ta ce ta yafe wa Burden. Bashin da Burden ke binta, ko kallonsa ba ta yi ba. Ai mai laifi ake yafe wa. Dokar sojoji ta 2006 da kanta ta fayyace cewa afuwar ba ta soke hukuncin kotu ba, ba ta kuma taɓa hukuncin kisan ba. Ministan tsaro na lokacin, Des Browne, ya nuna ƙarara cewa ba ya nufin tuhumar kwamandojin da suka yanke. Ke nan har gobe, a takardar hukuma, Burden matseraci ne da aka tausaya wa, waɗanda suka sa hannu aka ɗaure shi a turke kuma ba su da abin amsawa.

To wa ya fara karya doka? Ƙa'idar sojan Birtaniya a lokacin ita ce ba a tura wanda bai kai shekara 19 ba zuwa yaƙi a ƙetare. Masu ɗaukar kurata sun ga fuskar yaron, sun rubuta abin da ya faɗa, suka wuce. Ba na cewa Burden waliyyi ne, takardunsa sun nuna ya taɓa ɓacewa daga bakin aiki. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Rundunar da ta taka dokarta ta kai yaro cikin ramukan yaƙi, ita ce ta dawo ta kashe shi da sunan kare doka, a shari'ar da ya tsaya shi kaɗai ba mai kare shi.

Akwai masana tarihi da ke cewa kada a auna jiya da mudun yau, wai zamanin ne haka, kuma runduna ba ta tsayuwa sai da horo mai tsanani. Zamanin da suke fakewa da shi ne ke ƙaryata su. Ostireliya ta yi yaƙin nan a ramuka ɗaya da su, ba ta bari an harbe sojanta ko ɗaya ba. Jamus, da ake yi wa kallon uwar tsauri, alƙalumanta na hukuma 48 ne. A rundunar Birtaniya kanta an yanke hukuncin kisa sama da 3,000, aka zartar da 346, kusan tara cikin goma aka sassauta. Yaya ake zaɓar na goman? Ana tambayar kwamandoji halin ɗa'a a bataliyar mutum, in an ga ana bukatar a tsorata saura, sai a yi misali da shi. Ran mutum ya rataya ke nan a kan halin wasu. Cikin 346 ɗin nan hafsoshi uku ne kacal. Kuma tun 1930, da ƙoƙarin ɗan majalisa Ernest Thurtle, aka cire kisa daga hukuncin gudu da ragwantaka, alhali waɗanda suka yi yaƙin suna raye. Mutanen jiyan ne da kansu suka ga abin bai dace ba.

Wani abu kuma na damuna game da mutum-mutumin, duk da ina girmama Andy DeComyn da ya sassaƙa shi kyauta ga dangi, ba da kuɗin gwamnati ba. Fuskar yaro aka zaɓa, kuma tausayin yaro ba ya yi wa kowa wuya. Mai ziyara zai yi ƙwalla ya tafi da tunanin kuskuren kawai shi ne an kashe ƙaramin yaro. Ina Harry Farr, magidanci ɗan shekara 25, wanda ya yi wata biyar a asibiti saboda rugugin igwa ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, aka mai da shi daga, aka harbe shi a Oktoban 1916 da sunan ragwantaka? Ya ƙi yarda a rufe masa ido. Aka yanke wa matarsa fansho, ta ɗauki kunyar shekara da shekaru tana ɓoyewa. 'Yarsa Gertrude Harris sai da ta kai shekara 93, bayan ta maka gwamnati a kotu, sannan aka ba ta wannan rabin amsa. A 1993 Firayim Minista na lokacin John Major ya ƙi yin afuwar, a 1998 ma aka ƙi. Afuwar ba kyauta ba ce, ƙwatarta aka yi, kuma abin da aka ƙwato bai kai abin da ake bi ba.

A lambun Alrewas sunayen waɗanda aka harbe ne a rubuce. Douglas Haig, babban kwamandan sojan Birtaniya a bakin daga na Faransa da Beljiyam, wanda hukuncin kisan da dama daga cikinsu ya bi ta teburinsa daga ƙarshen 1915, mutum-mutuminsa yana bisa doki a titin Whitehall a tsakiyar Landan. Abin da nake so majalisa ta yi ba shi da wuya: ta soke hukuncin kotunan nan, ta rubuta a doka cewa ƙasa ce ta zalunci mutanen, ita ke neman gafararsu.

Mutum ɗaya ya riga ta faɗin gaskiya tun tuni. Albert Ingham, kurtu a rundunar Manchester, an harbe shi ranar 1 ga Disamba 1916, aka gaya wa mahaifinsa wai raunin harsashi ne ya kashe shi. Da uban ya gano abin da ya faru, sai ya dage a sassaƙa shi a dutsen kabarin da ke Bailleulmont a Faransa. Dutsen na nan har yau, yana faɗin cewa an harbe Albert da asuba, yana cikin na farkon da suka ba da kansu ga yaƙi, kuma ɗa ne da ubansa ke alfahari da shi.